Turakun Jakai a Zangon Kuka

Zuwa ga kakata, Hajiya Rabi.

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan makwancinki ya yi sanyi, Allah ya sada ki da waɗanda suka riga ki. Gida lafiya. Ɗakinki na Tafo, nan Kumasi, har yanzu ba wanda ya kwana a ciki, sai buhunan gawayi da Inna ta jingine a gefe, ta ce na ɗan lokaci ne. Na gama jami'a, an ba ni shaidar karatun tarihi. Amma ba albishir ne ya sa na ɗauki biro ba.

Ana so a tashi maƙabartar Zangon Kuka, Kaka, wadda kakanki Madugu Isa da mahaifiyarki Ladi suke kwance a ciki, a mayar da filin tashar mota. Masu neman filin sun gaya wa sarkin garin cewa Hausawa baƙin jiya ne, ba su da tsohon kabari a wurin. Hujjar da suka kai fada kuwa daga hannuna ta fito.

Bari in faɗa miki yadda aka yi, ba ƙari ba ragi. Lokacin rubutun kammala karatu na nemi abin da Turawa suka rubuta game da garin, daga lokacin da suka kama Kumasi zuwa bayan yaƙin duniya na farko. Na same shi a wuri uku. Biyu matafiya ne da suka bi hanyar goro zuwa arewa, na ukun kundin gwamnati ne mai jera garuruwa da abin da ke cikinsu. Ba su san juna ba, amma bakinsu ɗaya: ƙauye ne marar motsi, rumfunan kasuwa wayam, sai 'yan tsofaffin mata da farantan kuka da daddawa. Ba fatake, ba goro, ba ƙaƙƙarfan namiji. Ɗayansu ma ya kasa gane dalilin da ake kiran wurin kasuwa.

Murnar ganin sunan garinmu a tsohon littafi ta kwashe ni. Na fassara rubuce-rubucen uku na sa a shafina na intanet don dangi su gani. Ban ƙara ko layi ɗaya daga abin da kika gaya mini ba, saboda an koya mini kada in rubuta abin da ba zan iya nuna tushensa ba. Wannan fassarar tawa ce aka buga aka kai fada.

Alhali kin gaya mini, kuma ba sau ɗaya ba.

Kina tsintar waken wakye, shinkafa da waken nan, a tsakar gida, ni ina riƙe miki tire. Kika ce a zamanin Madugu, in Bature ya sauka a gari 'yan dako yake nema, kuma ba a tambayar mutum ko yana so. Wanda aka ɗora wa kaya sai ya bar jakansa da huhun goronsa a zango, goro kuwa ba ya jiran kowa, in ba a kwance shi an yayyafa masa ruwa ba sai ya bushe ko sankara ta cinye shi.

Shi ya sa suka yi shiri. Matar gidan farko da ke bakin hanya, in ta hango tawaga, sai ta hau dakan turmin da ba komai a ciki. Kika ce kukan turmin wofi daban yake, ko jariri ya san shi. Gida na gaba ya amsa, na gaba ya amsa, har ya kai kasuwa. Maza su kora jakai da kaya zuwa kurmin bayan rafi. Tsofaffi su baje a rumfuna suna gyangyaɗin ƙarya.

Aikin mahaifiyarki, tana 'yar ƙarama, shi ne tsintsiya. Ita da sa'o'inta suke share sawun jakai da kashinsu kafin baƙi su iso. Kina ba ni wannan kina dariya har kallabinki ya zame. Na tambaye ki a wane littafi aka rubuta haka. Kika ce, "Maigidana mai biro, kai komai sai an rubuta? To wa ya rubuta maka cewa ni ce kakarka?"

Kin ga abin da ke ci mini rai. Sun yi ɓuyan da kyau, Kaka. Sun share sawunsu tas don kada a ɗauke su, ni kuma jikansu na ɗauko shararren filin na nuna wa duniya, na ce ga garinmu.

Kawu Sallau ya zo daga garejinsa na Suame, hannu duk baƙin mai. Na so ya yi mini faɗa, bai yi ba. Cewa kawai ya yi, tunda ni na yi sukuu, wato boko, ni zan yi magana a fada ranar Asabar. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na koma kan shafukan nan ina bin su kalma kalma. A cikin na matafiyi na biyu akwai wurin da na tsallake a fassarata, don na ɗauka ƙorafin banza ne. Yana kukan cewa masu kafa masa tanti sun sha tuntuɓe, saboda filin bayan kasuwa cike yake da turaku, alhali bai ga dabba ko ɗaya a garin ba. Tsintsiyar Ladi ta share sawu, amma ba a tumɓuke turke cikin gaggawa.

Ba zan yaudare ki ba. Turke ba jaki ba ne, jaki kuma ba kabari ba ne. Mai son musu zai iya cewa na awaki ne. Ban san ko zai isa ya tsare filin ba, kuma ba zan ce a gaban sarki ya tabbatar da abin da bai tabbatar ba.

Abin da zan yi shi ne, zan karanta musu shafukan duka, har da turakun. Sannan in rufe littafin in ce, Hajiya Rabi 'yar Ladi ta gaya mini. Zan faɗi sunanki yadda nake faɗin sunan Baturen, da murya ɗaya. Inna ta ce in tafi da turminki, in dattawan garin ba su manta ba za su gane kukansa. Na riga na saka shi a buhu, gobe mai motar hayar trotro zai caje ni kuɗin mutum biyu.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Ladi da Madugu da duk wanda ke kwance a filin nan, ya bar su inda suka sauke kayansu. Ni kuma ya warware mini harshe ranar Asabar. Ki yafe mini, Kaka.

Jikanki, maigidanki mai biro,
Mansur