Umma, Na Ci Waina Ranar Suna

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Umma.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabin da ya kamaci 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da yalwa da haske. Mu nan lafiya lau, sai kewa. Wata goma sha ɗaya ke nan da aka fita da ke daga gidanmu na Dei-Dei, amma har yau in abu ya same ni, ke nake fara neman in gaya wa. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Zan rubuta duk da haka, waɗanda suka karanta su sa ki a addu'a.

Aisha matar Yaya Nasiru ta sauka lafiya, an sami mace. Sunanki aka sa mata, muna kiranta Ummi. Kuma ranar sunan, Umma, na ci waina. Guda huɗu, da miyar taushe, a gaban mutane.

Na san da kina nan da kin dafe ƙirji. Ki yi haƙuri ki ji yadda aka yi.

Kin fi ni tuna shekarar da ciwon ya zo. Ina 'yar shekara sha uku, na rame kamar sillen kara, ina shan ruwa ba na ƙoshi. Likita ya ce jikina ya daina yin insulin, allura ce safe da yamma har ƙarshen raina. Awon allurar ɗaya ne kullum, ba ya canzawa, don haka abinci ne zai riƙa bin allura. Ba ki yi boko ba, amma cikin mako guda kin haddace layukan jikin sirinji. In an ɗauke wuta, ki ƙulle kwalbar a leda ki jingina ta da randa don kada zafi ya ɓata ta.

Ranar da muka dawo daga asibiti kika wanke tandarki, kika tura ta ƙarƙashin gado. Ke da duk layinmu ya san ki da waina. Ke da abokan Baba na kasuwar katako suke aiko da kwano tun jajibiri. Baba ya yi magana, ya ce ai sai ki soya wa sauran a ba ni nawa daban. Kika ce, “Abin da Safiya ba za ta ci ba, ba ya hawa murhuna.” Ba ki ƙara ba, shi ma bai sake tayar da zancen ba har Allah ya karɓi ransa.

Haka muka yi ta yin Sallah da acha da wake da dafaffen zogale. Maƙwabta su aiko da funkaso da sinasir, ki raba wa su Yaya a zaure, ke ki dawo ki zauna kusa da ni mu ci namu. Shekara goma sha bakwai waina ba ta shiga bakinki ba. Ni ce mai ciwon, amma tare muka yi ƙauracin.

Akwai ranar da ba ta barin zuciyata. Kina kwance a asibiti, kwana uku kafin ki tafi, ba kya iya cin komai. Da hantsi kika ce kina marmarin waina. Inna Asabe ƙanwarki ta fita da sauri ta samo mai zafi. Ta buɗe kwanon, ƙamshi ya cika ɗakin, kika miƙa hannu. Sai idonki ya faɗa kaina ina zaune a gefen gado. Kika janye hannun, kika ce, “Rufe, Asabe. Ƙamshin ma ya ishe ni.” Na roƙe ki, na ce zan fita waje. Kika juya fuska bango.

Bayan rasuwarki komai nawa ya rikice. Na koma ɗakina na Kurudu, in fita ma'aikata da sassafe, in dawo a gajiye, babu mai auna mini abinci. Suga ya yi ta hawa da sauka yadda ya ga dama. Wata abokiyar aikina ta matsa mini sai da na je wurin wata likita da ta ƙware a kan ciwon. Ita ta canza mini allura. Yanzu iri biyu nake yi: ɗaya mai daɗewa a jiki, sau ɗaya a yini, ɗaya kuma mai saurin aiki, wadda ake yi duk lokacin cin abinci, gwargwadon sitacin da ke cikinsa. Ta ce kowa da nasa awon, nawa ba zai yi wa wani ba. Makonni na yi ina rubuta abin da na ci da abin da na'urar gwajin suga ta nuna, muna dubawa tare, har muka gano nawa.

Wata rana na yi ƙundunbala na tambaye ta batun waina. Murya ƙasa-ƙasa na yi tambayar, kamar mai neman izinin saɓo. Ta ce me zai hana, in dai jefi-jefi ne ba kullum ba. In san guda nawa zan ci tun kafin in fara. In yi allurar kamar minti goma sha biyar kafin ci. In sani cewa man suya yana jinkirta hawan suga, don haka in gwada bayan awa biyu, in sake gwadawa can gaba. Kada in ɗora allura a kan allura don na ga ya hau. Kuma kada ƙwayoyin suga su rabu da jakata, ko da na jikina zai faɗi.

Umma, kuka na fashe da shi a ofishin matar nan. Na ba ta labarin tanda da na kwanon asibiti. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce da irin allurar da aka ba mu a wancan lokacin, abin da kika yi shi ne daidai, kuma shi ya kawo ni yau da idona da ƙafafuna lafiya. Na ji sanyi. Amma a mota ina komawa sai tunani ya dame ni, tun yaushe wannan allurar take a garin nan ba mu sani ba? Da na nemi likitar nan shekara biyu da suka wuce, da mun zauna ni da ke a tabarma ɗaya mun ci.

Da suna ya matso, Inna Asabe ta ce yarinya mai sunanki ba za a yi mata taro babu waina ba. Ita ta je Dei-Dei ta jawo tandar. Na zauna kusa da ita a gidan Yaya na Lugbe tana haɗa ƙullu, ina tambayarta shinkafa gwangwani nawa ta jiƙa, waina nawa ke fita. Tana ta harara ta, ta ɗauka zolaya nake yi.

Wajen azahar ta ce ga tawa nan ta ware a faranti. Na shiga ɗakin Aisha na gwada, suga yana daidai. Na yi allurar waina huɗu, na ajiye jakata a nan, na fito. Ina fitowa motar dangin Aisha ta iso daga Zariya. Kin san yadda ake rawar jiki da surukai. Aka kwashe duk abin da aka soya aka kai musu, har da farantina. Ƙullun da ya rage kuma sai da aka sake hura gawayi.

Abin da ya kamata in yi shi ne in buɗe baki in ce na riga na yi allura, a ba ni ko mene ne in ci. Kunya ta hana ni. Mace da girmanta ta tsaya tana neman abinci a gaban baƙi? Na ce bari in ɗan jira. Cikin jiran aka miƙo mini jaririyar.

Tana hannuna na fara jin abin. Zufa mai sanyi ta keto mini, yatsuna suka hau rawa, hayaniyar mata ta koma kamar daga cikin rijiya. Na duba fuskar Ummi na ga ta zama biyu. Abu ɗaya kawai na iya riƙewa a kaina, kada in saki yarinyar nan. Na zame daga kujera na zauna daɓas a ƙasa, na ƙanƙame ta, har wata ta lura ta karɓe ta. Na ce, “Suga.” Iyakar abin da harshena ya iya ke nan.

Inna Asabe ta taho da gudu da cokalin suya a hannu, tana cewa kada kowa ya ba ni zaƙi, ciwon suga gare ni. Tsakaninta da Allah take faɗa, ta ɗauka hawa ya yi. Ina jin ta, na kasa gyara mata. Yaya Nasiru ne ya jiyo hayaniya daga waje. Ya ratsa cikin mata ko sallama babu, ya dube ni sau ɗaya, ya fizgi kwalbar lemo daga hannun wata baƙuwa ya kafa mini a baki. Daga baya ya ce ya tuna ƙwayoyin sugan da kike ƙullewa a haɓar zaninki duk inda za mu, da yadda kike cewa, “In kun ga tana zufa tana rawa, zaƙi za ku ba ta, kada ku tsaya tambaya.” Kin ga, Umma, ranar ma ke kika tashe ni.

Bayan kwata na awa na sake gwadawa, ya dawo. Inna Asabe tana share hawaye ta ce a bar zancen wainar nan, ba alheri. Na ce mata allurar tana nan tana aiki a jikina, yanzu kam cin ya zama dole. Ta soyo da kanta, ta ajiye a gabana, ta tsaya a kaina.

Ba ta kai taki ba. Tata ta fi tsami, kuma ba ta sa albasa yadda kike sawa. Amma gefen ya soyu ƙarau, cikin ya yi laushi. Na ci ta farko ina kuka, na ci ta huɗu ina kuka. Matan Zariya suna kallona, suna zaton jikin ne har yanzu.

Bayan la'asar sugan ya hau, ga lemo ga mai. Hannuna ya kai kan allura, na tuna gargaɗin likita, na mayar. Na sha ruwa, na zaga layin sau biyu, na jira lokacin da ta ce, sannan na ƙara ɗan kaɗan. Da na koma na ba ta labari, ta ce lissafina bai ɓaci ba, shiruna ne ya kusa kashe ni. Yanzu ba na yin allura sai abincin yana gabana, hannuna a kansa, jakata a kafaɗa.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ta sa na ɗauki biro.

Lokacin da nake aji uku na sakandare, akwai wata mai waina a bakin ƙofar makarantarmu. Ina saye, Umma. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. In laɓe bayan aji in cinye, in goge baki, in dawo gida in zauna kusa da ke mu ci acha. In mun je asibiti aka ga sugan ya yi sama, ma'aikaciyar jinya ta hau ki da faɗa a gaban mutane, tana tambayar me kike ɗura wa yarinyar nan. Ki sunkuyar da kai ki ce, “Laifina ne, za a gyara.” Ina tsaye a bayanki, ban taɓa buɗe baki ba. Na yi niyyar faɗa miki da na girma, na yi niyya a asibiti, kullum sai in ce gobe.

Da taro ya watse ranar sunan, muna wanke-wanke ni da Inna Asabe, na kasa riƙewa na gaya mata. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Ai ta sani. Wa ke wanke miki kayan makaranta? Kullum tana ganin maiƙo a aljihunki.” Na tambaye ta me ya hana ki yi mini magana. Ta ce ta taɓa ba ki shawarar ki tsare ni, kika ce a'a. Kika ce in kin kunyata ni zan koyi ɓoye miki abu, wata rana jikina ya rikice in ɓoye wannan ma. Gara a yi ta yi miki faɗa a asibiti.

Na daɗe a tsugune a bakin famfo, hannuna cikin kumfa. Ashe duk shekarun nan da nake neman ranar da zan roƙe ki gafara, kin riga kin yafe, kin kuma rufa mini asiri har a wurin kaina. Duk da haka ina so in faɗa da bakina. Ki yafe mini, Ummata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah Ya haɗa ki da Baba a inuwa ɗaya, Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara. Ya raya Ummi, Ya ba ta haƙurinki. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, mu iske ki cikin aminci.

Wassalam.

'Yarki mai kewarki kullum,
Safiya
Kurudu, Abuja