Wasiƙar Kawu da ta gagare ni

Zuwa ga ƙanena Isufu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya karatu, yaya baƙuncin Dakar? Mu nan Parakou lafiya lau.

Ka san mutane na zaton malamin lekol, wato makarantar boko, ya gama koyo, hutu kuwa na barci ne. Ni ma haka na ɗauka. Kullum ina ce wa ɗalibaina su zauna su tambayi kansu me suka ƙaru da shi bana, ban taɓa tambayar kaina ba sai da na je gida Djougou.

Wasiƙar Kawu ta zo daga Kumasi, Baba ya miƙo mini gaban baƙi, ya ce, "Metir, malamin lekol, karanta mana." Ashe ajami ce! Na kafa yatsa a hagu, kamar Faransanci. Sani ɗan Baffa, wanda muka bari a makarantar allo, ya yi dariya, ya tsokane ni da laƙabin Faransawa: "Ta dama ake shiga, Mushe." Ya karɓa ya karanta tiryan-tiryan. Baba ya dafa kan Sani, ya sa masa albarka.

Isufu, kishi ya kama ni, har yau bai sake ni ba. Shekara goma ina lekol, hannun Baba bai sauka a kaina haka ba.

Yanzu kowace safiya ina gaban wani malami a unguwar Banikanni, ina koyon ajami. Layin da ke bayan takardar nan da ajami na rubuta shi. Gwada karanta shi kafin Baba ya gwada ka.

Ka sa ni a addu'a, ka gai da abokan ɗakinka.

Yayanka,
Mamudu