Ulon Da Citta Da Kanumfari

Daga ofishin Babban Daraktan Shayi na ƙasar Masar, Ma'adi, Alƙahira, zuwa ga Hajiya Husaina, Gusau.

Assalamu alaikum. Ya ciwon ƙafa, ya su Baba da Lauratu? Darakta lafiya lau, sai dai wandonsa ya soma yi masa yawa.

Hajiya, ana tuhumarki. Ke kika koya wa jikanki cewa shayi sai ya tafasa ya yi baƙi. To, a shagon Mista Lin, ɗan ƙasar Sin ɗin da yake wa aiki, akwai ganye mai tsada wai shi ulon, a dunƙule kamar kashin awaki. Jikanki ya dafa shi da citta da kanumfari da sukari, ya miƙa wa baƙi. Mista Lin ya kurɓa, ya rufe ido, ya ce, "Khalas!" Wato shi ke nan, an gama.

Ashe ba a dafa shi. Ruwan zafi ake zuba masa, a zubar da na farko, na biyu a tsiyaye da sauri. Yaron ya auna lokacin, karatun Ƙulhuwallahu uku ne daidai.

Ran Alhamis Mista Lin zai gwada yaron, in ya ci ya zama mai haɗa wa baƙi shayi. In ya faɗi, aiki ya tafi. Yatsunsa duk sun ƙone, amma ya rantse ba za a ce a Gusau shayi ya koro shi ba. Ki yi masa addu'a, kada Baba ya ji. Allah ya ƙara miki lafiya.

To, uwargida, babu wani Darakta. Ni ne jikanki kuma angonki Ukasha, mai wanke kofuna. Amma zuwa Alhamis kawai.