Danƙon Zuma Ya Warkar Min da Faso, Amma Ina Azumina?

Zuwa ga Shugaban Sashen Kimiyya na kwalejin garinmu, Azare.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ana shan ruwa lafiya. Ni ce mahaifiyar Hadiza, ɗalibarku ta shekarar ƙarshe. Da hannuna na rubuta wannan, don sai da na yi jika na shiga ajin yaƙi da jahilci, a yi haƙuri da rubutun.

Na farko, godiya. Shekara ashirin ina fama da faso. Hadiza ta kawo min man da kuke haɗawa, na man kaɗe da baƙin danƙon da ƙudan zuma ke toshe ramukan amya da shi, wanda kawunta ke kankarowa a Bulkachuwa ya zubar. Malam, ka zo ka ga ƙafata! Sumul! Na daina yage zanin gado. Ranar kasuwa da gangan na hau acaɓa don a ga dugadugaina. Matan unguwa har layi suke, ni kuwa sai miƙa ƙafa nake ina dariya.

Na biyu, ƙorafi. Tun ɗaya ga azumi nake shafawa da hantsi. Sai ranar sha ɗaya Hadiza ta karanta min takardar bincikenta a kan man, wai a danƙon akwai sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, kuma ba sa tsayawa a sama, ratsa fata suke su shige ciki. Ciki! Ludayi ya faɗi daga hannuna. Abu yana shiga jikina da rana tsaka, ina azumi, ba wanda ya faɗa min?

Na uku. Na aika wa limaminmu. Ya ce shafa mai ba ya karya azumi muddin bai kai maƙogwaro ba. Daga dunduniya zuwa maƙogwaro da nisa, na sani, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Hadiza ta ce fata hawa-hawa ce, yawancin sinadarin a hawan sama yake maƙalewa, kaɗan ke gangarawa, sauran kuma kuna kan aunawa da fatar akuya. Malam, akuya ba ta azumi.

Roƙona: ka rubuto min da Hausa, da manyan baƙaƙe, iyakar inda abin nan yake tsayawa, in kai wa liman kafin Sallah. Ku liƙa bayanin a jikin kwalba saboda mata bakwai da na riga na ɗebar wa. Kuma kar a rage wa Hadiza maki, ba ta san na rubuto ba.

In ramuwa ce, zan rama sha ɗayan nan cif. Man dai na koma shafawa bayan an sha ruwa, kuma ba zan daina ba.

Allah ya ƙara basira, ya karɓi ibadarka, ya tsare ka da harbin zuma.

Wassalam.

Inna Talatu,
Bayan Kasuwa, Azare.