Gaisuwar da Lucia Ta Ƙi Karɓa

Gusau, Satumba 1992

Najib ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya kai da matarka Lucia. Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Ka ce mahaifinta ya ɓata a yaƙin ƙasarsu shekara da shekaru, na zauna na yi mata ta'aziyya a kaset, na ba Alhaji Ubale ya kawo muku Amurka. Ya dawo yana gaya mini tana jin "ya haƙuri" ta kashe rediyon ta fice. Wato Hausar da kake koya mata ba ta zo kan ladabi ba tukuna?

Gwaggonka,
Zinariya

Greensboro, Oktoba 1992

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Wallahi ba raini ba ne. A Mozambik, Rasha ta tsaya wa gwamnati, Turawan Afirka ta Kudu suka tsaya wa 'yan tawaye, talakawa suka sha wuya a tsakani. Babanta direban bas ne, an tare su a hanya aka shige daji da su. Ba wanda ya ga gawarsa. Ta ce in ta amsa gaisuwarki, ita ce ta binne shi da bakinta. Ranar har ƙauyen McLeansville na bi ta, na same ta zaune a mota bakin wata gona tana kuka.

To ga albishir: an sa hannu kan sulhu a Roma, yaƙin ya ƙare. Da hanyoyi sun buɗe za ta je nemansa, kuma na san Lucia, ba za ta dawo ba sai da labari.

Ɗanki,
Najib

Gusau, Disamba 1992

Najib,

Ina amsawa. Kai ma shashasha ne, da ka yi mini wannan bayani tun farko ai da ban yi azarɓaɓi ba. Na janye gaisuwata, na koma addu'a. Ga kilishi nan, ta kai wa surukina, ta ce daga Zinariya.

Allah ya kai ta lafiya.
Gwaggonka

Greensboro, Yuni 1993

Gwaggo,

Ina kwana. Ni ce Lucia, da hannuna na rubuta, ki yafe Hausata.

Na je. Na samu wani tsoho da aka kama su tare da Baba. Ya ce zazzaɓi ne ya kashe shi, ba bindiga ba. Shi ya binne shi, ya kai ni wurin, ƙarƙashin wata bishiyar kashu. Na ba shi kilishinki, muka ci a nan, na ce daga Zinariya.

Na dawo na kunna kaset ɗinki, na ji har ƙarshe. Kin tambaye ni ya haƙuri.

Da godiya, Gwaggo.

'Yarki,
Lucia