Rabin Ɗakin da Ba Tayil

Ya kai sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasar zuciyata, mai taurin kan da na zaɓa da kaina,

Ka tuna ranar da ka kai ni ganin ɗakin da za mu zauna bayan biki? Kana durƙushe kana jera tayil, kana bubbuga kowane da guduma ta roba, ka ce ƙafata ba za ta taka siminti ba. Da ka zo miƙewa gwiwar ta yi ƙas, ta maƙale. Ka yi mini dariyar ƙarfin hali, gumi na tsiyaya a goshinka. Na ga zafin, kuma tun ranar raina bai kwanta ba.

Hoton ƙashi bai nuna komai ba, ka ce ai ka warke. Sai da likita ya murɗa ƙafar ka kusa cije harshe, ya sa aka shigar da kai cikin doguwar na'urar nan mai ɗaukar hoton cikin jiki, aka ga guringuntsin gwiwar ya yage. Maganarsa a kunnena: yanzu yana ɗinkuwa ta ƙananan huji biyu, sai sanduna da motsa jiki na ɗan lokaci. In ka ci gaba da durƙuso ya ragargaje, sai dai a yanke guringuntsin a zubar.

Amma jiya aka ce an gan ka a ɗakin, ka ɗaure gwiwa da tsumma, wai sai ka gama kafin a yi maka aikin gwiwar. Wa ya gaya maka tayil zan aura? Gwaggona ta ce za a yi da ni, amaryar mai tayil a kan siminti. Su yi! Na ce mata in dariya ta ishe su, su zo su jera sauran. Yayanka ma na cewa ango da sanduna abin kunya ne. Ka zo da sandunan, farin watana, ni zan daidaita tafiyata da taka.

Ina sonka, son da har haushinka yake sa ni ji. Shi ya sa na je wurin Innarmu, mahaifiyarka, na karɓi makullin ɗakin, da yardarta. Yana rataye a wuyana. Ka yi fushi, ka ƙi gaishe ni, duk na ɗauka. Ba za ka sake ganinsa ba sai na ga ɗinki a gwiwarka.

Taka yau, taka ranar da tsufa zai ba mu sanduna mu biyu,
Rigimammiyarka