Ƙwallo na Cikin Tafki, Wai In Yaba

Zuwa ga Yaya Radiya, Kusfa, Birnin Zariya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Baba Malam da Inna da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, sai dai an ɗan dakatar da ni daga aiki kwana uku. Kada Inna ta ji.

Kin san a nan Malesiya jakar sanduna nake ɗaukar wa masu buga ƙwallon golf. Yawancinsu 'yan koyo ne, amma kowa ji yake shi gwani ne. Mutum zai buga sau ɗari, ɗaya ya yi kyau, sai ya ce wannan ne ainihin bugunsa. Sauran kuwa laifin iska ne, ko ciyawa, ko ni.

Ranar Talata wani attajiri ya buga, ina kallo ƙwallon ya faɗa tafkin da ke cikin filin. Ya juyo yana tambayata yaya na ga bugun. Na ce ranka ya daɗe, bai yi kyau ba. Sai ya kai ƙarata. Manaja ya dakatar da ni, ya ce aikina shi ne in yaba, ko ina ƙwallo ya nufa. Ni da na tashi a zauren Baba Malam, inda wasali ɗaya za ka ɓata a sa ka wanke allo.

In kin samu mai zuwa, a aiko min da yaji. Sannan ki tambayar min Baba Malam: in na yaba, shaidar zur ce? Ki hanzarta da amsa, don ranar Asabar mutumin zai dawo, kuma tafkin na nan inda yake.

Ƙaninki,
Muhsin